Talabijin ɗin Ƙwanni da Yaƙ Ƙi Magana

Hamidu ɗan Lawwali ne, Lawwali mai jakkai, wanda ke kai albasa Ƙwanni, can cikin Nijar, shi komo da kanwa da dabino. Nan Illela anka haife shi, bayan kasuwa, gidan nan mai ƙatuwar tsamiya a ƙofa, yanzu an sare ta an yi shaguna. Tun bai kai tsawon jakin ba shike bin ubanai. Laraba suna Ƙwanni, Lahadi suna kasuwar Illela, sauran kwanakin suna neman abin da za su kai. Lokacin nan iyaka ba wani abu ba ce. Ka wuce gonar wane ka shiga gonar wane, shi ke nan ka fita Najeriya.

Lawwali bai bar mishi gona ba, bai bar mishi shanu ba. Baki yab bar mishi. Ya koya mishi cewa in kana tsaye kan hajarka, kada ka yarda a kushe ta gabanka. In mai saye yac ce albasar ga ta yi laushi, ka ce rana ce tad doke ta yanzu-yanzu. In yac ce atamfar ga ta koɗe, ka ce inuwar rumfa ce, shi fito waje shi gani. Kuma ko mi anka tambaye ka, kada ka ce ba ka sani ba, don mai saye in yaj ji hakanan gaba shike yi. Hamidu ya riƙe wanga karatu har yaz zame mishi jiki. Kafin shi yi tunani, bakinai ya riga ya ba da amsa. Ba mugu ba ne fa. Ba shi tauye mudu, ba shi cin amana, in ka ba shi saƙo Ƙwanni za shi kai shi har hannu. Bakin ne kawai ke riga shi.

Da yat tasa sai yab bar albasa yak koma atamfa da agogo da tocila da rediyo mai kaset, har yas sayi babur ja. Wurin kai ma matan gida atamfa su zaɓa ne Rahmatu tag gan shi.

Rahmatu ɗiyar Alhaji Junaidu ce. Su mutanen cikin garin Sakkwato ne, aikin gwamnati yak kawo shi Illela, ofishin ƙaramar hukuma, yaz zauna har yay yi furfura nan. Mutum ne mai ƙarancin magana. In yac ce gobe, to goben ce. Yayyen Rahmatu ma'aikata sunka aura, ɗaya malamin makaranta, ɗaya malamin gona. Ita tac ce Hamidu take so, Alhaji kuwa bai hana ba. Amma ranar da manyan Hamidu sunka je neman auren, ya faɗi wata magana. Yac ce, "Yaron ba ni da abin cewa ga halinai. Sai dai ɗan kasuwar iyaka, ban san inda maganatai ke tsayawa ba."

Maganar ga ta kai kunnen Hamidu, ta kuwa zauna mishi a ciki. Tun daga nan, abin da shike so duniyar ga bai wuce surukin nan shi ɗauki maganatai maganar mutum ba.

Kun san yadda ake da suruki, ko da yake ku na yanzu har hira kuke da su kuna ƙyaƙyata dariya. Da ba hakanan ba ne. Tun daga bakin lungu Hamidu ke tuɓe takalmi shi aje gindin katanga, shi taka ƙasa da zafinta har zaure, shi tsuguna can nesa kai sunkuye. Alhaji shi amsa gaisuwa, shi ce a gaida gida. In malamin gona ne yaz zo, sai a tsaida shi a tambaye shi taki da damina. In malamin makaranta ne, a tambaye shi labarin Sakkwato. Hamidu dai a sa mishi albarka a sallame shi. Hakanan har Rahmatu tay yi haihuwa ta biyu.

Sai shekarar nan da soja sunka rufe iyaka, shekarar fari, gero yay yi wuya. Anka haƙa rijiyar burtsatse a ƙauyen Lafani. Ranar buɗewa anka tara jama'a, har masu talabijin sunka zo daga Sakkwato da na'urarsu bisa kafaɗa. Babban da ya kamata shi yi jawabi bai samu zuwa ba, sai anka tura Alhaji Junaidu gaba. Yay yi magana, sunka ɗauka, sunka ce mishi Juma'a mai zuwa bayan magariba za a nuna cikin labarai.

To Alhaji ba shi da talabijin. Wata tsohuwar rediyo gare shi mai rigar fata. Duk wajen nan mutum guda ke da talabijin, Atiku, taubashin Alhaji, wanda yas sayo nashi Sakkwato. Shi kuwa Atiku tun suna yara ba shi ganin Alhaji bai tsokane shi ba. Alhaji ya san in yaj je gidan Atiku kallon kainai, ya ba shi abin tsiya na shekara guda. Ga shi ritaya ta matso, ya san bayan wagga ba a ƙara ɗaukar shi.

Hamidu ya zo gaisuwa, an sa mishi albarka, har ya dafa ƙasa za shi tashi, sai yaj ji, "Hamidu, dakata."

Yak koma yat tsuguna.

"An ce can wajenku ana samun ƙaramin talabijin mai aiki da batirin mota. Kai ka san kayan ga, ni ban san su ba. Wanne ne na kirki?"

Hamidu yac ce, "Baba, a bar mini wanga. In Allah ya so, kafin Juma'a shina cikin zauren ga."

"To. Wanda kag ga ya yi, ni ma ya yi mini."

Ranar nan ko babur bai hau ba, turo shi yay yi har gida shina murmushi shi kaɗai. Yash shiga shina kiran Rahmatu tun daga ƙofa. "Ke! Baba ya nemi shawarata. Ni! Yac ce wanda nig ga ya yi, shi ma ya yi mishi."

Tac ce, "Madalla. To ka tafi Sakkwato ka sayo irin na Baba Atiku, tunda an ga nashi na aiki."

"Sakkwato? Ni da Ƙwanni ke tafin hannuna? Ai na Ƙwanni ya fi, kai tsaye daga Faransa. Irin na Baba Atiku ma za ni kai, a ce kwaikwayo munka yi?"

Ƙofar iyaka a rufe take, sai yab bi ta gonaki, hanyar da sunka sani tun zamanin jakkai. Kuma a gaskiya bai yi sakaci ba. A wani shago cikin Ƙwanni ya zaɓi sabo ful cikin kwali, kuma yaƙ ƙi ɗauka sai da yaz zauna shagon har yamma tay yi, tashar Nijar tab buɗe, don shi gani da ido shi ji da kunne. Anka kunna. Hoto tas, murya tas. Anka yi Faransanci, anka yi Hausa, anka yi Zabarmanci, har da kiɗan gurmi. Hamidu yam murɗa murya sama har mai shago yat toshe kunne. Yak kwana can, da safe yan naɗe akwatin cikin bargo, yaɗ ɗaure bayan babur, yat taho a hankali kamar ya goyo jariri.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci yak kira Maccido mai gyaran rediyo, wanda ke da rumfa bakin tashar mota, sunka ɗaura eriya bisa doguwar gora, sunka ɗaure gorar jikin itacen dogon yaron da ke ƙofar gidan Alhaji, ta fuskanci Sakkwato. Anka fito da tebur ƙofar zaure, anka ɗora akwatin, anka aje batir ƙarƙashi. Alhaji, mutumin da ba shi son taro, ranar nan ya gayyaci liman da abokan aikinai da maƙwabta. Anka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Mata suna cikin zaure bayan labule, Rahmatu na cikinsu da goyo. Atiku kaɗai ba a gaya ma ba.

Bayan la'asar sakaliya tashar Sakkwato tab buɗe. Hamidu yat tsuguna, yay yi bisimilla, yak kunna. Akwati yay yi haske, yay yi ɗigo-ɗigo, yam murɗa a hankali, sai ga mutum ya fito da hula da babbar riga, tas kamar ka taɓa shi. Jama'a sunka ce, "Kai, masha Allah!"

Mutumin na ta motsa baki. Amma abin da ke fita cikin akwatin, shuuu ne kawai, kamar an zuba ruwa cikin mai mai zafi.

Hamidu yaƙ ƙara murya. Shuuu ɗin ne yaƙ ƙaru. Yar rage, yaƙ ƙara. Yac ce eriya ce. Maccido yah hau itacen da kayan aikinai, shina juya gora, Hamidu na ƙasa shina cewa dama, hagu, koma kaɗan. Hoto shi tafi, hoto shi komo, murya dai babu. Yac ce batir ne bai cika ba. Anka ciro na motar wani abokin aikin Alhaji anka haɗa. Shuuu. Yad daddaɓa akwatin a gefe, yad daddaɓa bisa. Wani tsoho daga baya yac ce, "A'a, malam, ba jaki ba ne." Anka yi dariya. Hamidu ma yay yi, amma gumi ya jiƙe mishi riga har ƙugu. Ga shi duk abin ga bayanai ne ya juya ma suruki, abin da bai taɓa yi ba tun da yash shigo gidan.

Maccido yas sauko yak kwance bayan akwatin. Yaɗ ɗauki ƙaramin batirin rediyo yat taɓa wayoyin lasifika, taƙ-taƙ tay yi ƙara. Yac ce, "Lasifika lafiyarta lau." Yad duba wayoyi ɗaya-ɗaya, babu wadda tas saki, babu wadda taƙ ƙone. Yac ce bari shi je rumfa shi ɗauko wani abin awo.

Da yak komo, bai je wurin akwatin ba. Yaj ja hannun Hamidu bayan itace, yar rage murya.

"Ta ƙofar gidan Atiku nib biyo. Nashi na magana, har kan hanya ana ji. Wanga mutumin dai mai hula, shina karanta sanarwa. Hamidu, laifin akwatin ga ne, kuma ni ban san ciwon ba. Je ka gaya ma Alhaji tun da sauran lokaci. A kwashi tabarmi a koma can, ai ba nisa."

Hamidu yal leƙa. Ga liman, ga mutanen ofis da hulunansu, ga Alhaji bisa buzu cikin farar riga ya ɗora hannuwa bisa gwiwa, shina jira. Ƙaƙa za shi taka tsakiyar mutanen ga shi tsuguna shi ce, Baba, abin da niz zaɓo maka ba shi da kirki, tashi mu je gidan Atiku? Shawara guda anka taɓa neman shi.

Yac ce, "Bari a yi salla tukuna. Sabo ne, ƙila in yay yi zafi shi saki."

"Ba shi saki," in ji Maccido.

Anka kira magariba, anka yi salla nan ƙofar gida. Hamidu har cikin sujada akwatin shike roƙo. Anka sallame, kowa yak koma wurinai. Akwati na nan na shuuu. Lokacin labarai ya kusa. Sai Alhaji yaɗ ɗago kai, gaban kowa, yac ce, "Hamidu, ƙaƙa ne?"

Nan ne bakin yar riga shi.

"Baba, ba daga akwatin ba ne. Daga tasha ne, can Sakkwato injinsu na murya yal lalace. Yanzu Maccido yab biyo ta gidan Baba Atiku, can ma hakanan ne, hoto ba magana."

Shi da kainai sai da yaj ji maganar ta fita sannan yas san ya yi ta. Alhaji yad dubi Maccido. Maccido yas sunkuya kamar wata ƙusa ta faɗi mishi cikin rairayi.

Alhaji yac ce, "To. In daga can ne, ba mu da abin yi. Tunda Hamidu ya bincika, mu kalli hoton."

Kun ji fa. Tunda Hamidu ya bincika. Maganar da shike jira tun ranar ɗaurin aure, ga ta ta zo gaban liman da kowa, kuma ta zo bisa ƙarya. Ko a lokacin nan, da Hamidu ya buɗa baki, da an kai gidan Atiku, don ana fara labarai da na manya ne. Bai buɗa ba. Ya tsuguna gefen tebur shina kallon batir.

Can sai ga Lafani. Ga mata da tuluna, ga ruwa na ɓulɓulowa daga famfo, yara na tsalle. Sai ga Alhaji Junaidu ya cika akwatin, da rawaninai, ya ɗaga hannu guda shina magana. Cikin zaure mata sunka yi guɗa sunka katse, don kowa ya kasa kunne ko Allah za shi sa a ji ko kalma guda. Bakin Alhaji na motsi, na motsi. An daɗe ana nuna shi. Ya juya dama, ya juya hagu, ya yi ɗan murmushi, mutanen Lafani sun tafa, duk ba a ji komi.

Liman yac ce, "Alhaji, nan mi kac ce da sunka tafa?"

Alhaji yac ce, "Wallahi na manta, malam. Ni ma so nike in ji."

Wani cikin mutanen ofis yac ce, "Haƙuri za a yi. Duk jiha ba wanda yaj ji, ba mu kaɗai ba ne."

An wuce ga wani labari, mutane sun fara neman takalmansu, sai ga ƙararrawar keke. Atiku ne, tun bai sauka ba shike dariya.

"Junaidu! Kai Junaidu! Ashe ka iya magana haka kake yi mana rowa? To amma tarin nan da kay yi tsakiyar gaida hakimi fa? Na ce wayyo, tsoho za shi faɗi cikin rijiyar mutane!"

Ba wanda yay yi dariya. Alhaji yac ce, "Ka ji ni?"

"Ƙaƙa ba ni jin ka? Murya kamar mai shelar ɓatan akuya! Har inda kac ce matan Lafani su huta da igiya, hannuwansu su yi laushi, sunka tafa maka. Mutanen gidana har sun haddace." Sai yag ga akwatin bisa tebur da bayanai a kwance. Yad dubi fuskokin mutane. "Mi na na? Wani ya rasu?"

Wasu sun dubi Hamidu, wasu sun kau da kai don kada su dube shi, waɗannan ma sun fi ciwo. Alhaji kam ko inda shike bai kalla ba. Yac ce, "Maccido, kashe shi, a maida ma mai mota batirinai." Yaj juya ga jama'a. "Na gode da zuwa. Allah shi ba da lada." Yat tashi yash shiga gida.

Hamidu bai san yadda yak kai gida ba. Da safe anka aiko da takalmanai daga gidan Alhaji, an same su gindin katanga inda yab bar su. Ashe ba takalmi yat tafi, babur ɗin ma Maccido ne yat turo.

Rahmatu duk ta ji, tana bayan labule. Ba ta yi faɗa ba. Ta aje mishi fura tac ce, "Da kac ce ba ka san abin da yas same shi ba, wa za shi kashe ka?"

Sai tac ci gaba:

"Akwati ai ba kai kaƙ ƙera shi ba, kowa na iya sayen abu shi ƙi. Amma Baba ya so shi ji kainai. Ko rigar nan sai da yas sa anka sake yi mata bugu, wai don shi zauna cikinta shi ji. Ni yanzu da wane ido za ni shiga gidanmu?"

Lahadi tay yi, dole a fita kasuwa. Labari kuwa ya riga shi isa. Wani shi ɗauki tocila shi kunna shi ce, "Hamidu, haskenta ba ƙarfi, ko daga tasha ne?" Mai nama in tsirenai yay yi tauri anka yi magana, sai shi ɗaga murya yadda Hamidu za shi ji, shi ce daga tasha ne. Masu canjin sefa, kuɗin Nijar, su ma sunka ɗauka. Da Hamidu ne na da, da ya rama har sai sun gudu. Yanzu sai shi sunkuyar da kai shina jera batir ɗin da ya riga ya jera.

Maccido kuwa fushi yay yi sosai. "Ni kas sa cikin ƙarya gaban liman? Ni da nig gaya maka gaskiya bayan itace? Yanzu in na ce ma mutum rediyotai ta mutu, sai shi ce ko in kai wani wuri." Sai da Hamidu yab ba shi haƙuri har da riƙe gwiwa sannan yay yarda anka ɗauko akwatin anka kai rumfatai. Da yamma suna ta murɗe-murɗe, sai hannun Maccido yak kai kan tashar Nijar. Akwati yaf fashe da Faransanci, ƙarfi har masu shayi sunka waiwayo. Sunka maida Sakkwato, shuuu. Sunka maida Ƙwanni, ga magana. Sunka dubi juna.

Hamidu yas sake bin gonaki yaj je wurin wani tsohon mai gyara a Ƙwanni. Bai ƙare bayani ba mutumin yag gane. Yac ce, "Ai na ƙasarmu da na ƙasarku, hoto hanyarsu guda, murya kuwa kowa da tashi hanya. Wanga don tasharmu anka yi shi. Ka gwada shi nan ya yi maka magana, ka ƙetara da shi. Akwai wani ɗan abu ciki kamar ƙwayar wake, shi za a canza a sa irin naku." Ƙwayar waken nan sai Sakkwato anka samo ta. Maccido yan narka dalma yal liƙa. Akwati yak kama Hausar Sakkwato tas, yak kurumce ga Ƙwanni.

Sai dai jawabin Lafani an wuce shi. Hamidu har tashar Sakkwato yaj je, yat tsaya bakin ƙofa yar roƙi wani ma'aikaci ko za a sake nunawa. Mutumin yac ce mishi labarin da anka riga anka yi ba a komawa kainai, ga sababbi na jira.

Daren da washegari za shi maida akwatin, tun da magariba shike maimaita ma Rahmatu abin da za shi ce. Baba, ƙarya niy yi, na san na Baba Atiku na magana, kunya ce tak kama ni, a gafarce ni. Tac ce, "Hakanan kawai. Kada ka ƙara komi, kada ka rage."

Da hantsi yaɗ ɗauka bisa kai, ba bisa babur ba. Yat tarar da Alhaji shi kaɗai cikin zaure. Yag gaida shi, yah haɗa batir, yac ce in tasha ta buɗe da yamma za a ji, an gwada an sake gwadawa. Yay yi bayanin hanyar murya da ƙwayar wake, Alhaji na saurare, har ya ɗan gyaɗa kai.

Alhaji yac ce, a hankali, ba faɗa, "Ranar nan ka ce daga tasha ne. Ka ce gidan Atiku ma hakanan."

Ga ƙofa an buɗe mishi. Tsohon nan jira shike, ko makaho ya san jira shike. Maganar na nan bisa harshen Hamidu, ya haddace ta. Yab buɗa baki.

"Hakanan niz zata, Baba. Hayaniya ta yi yawa, ban ji Maccido da kyau ba."

Alhaji yad daɗe shina kallon tabarma. Sannan yac ce, "To. Allah shi yi albarka."

Hamidu yaf fito. A bakin lungu yat tsaya riƙe da takalmi guda a hannu, kamar shi koma. Bai koma ba. Da yak kai gida Rahmatu tad dubi fuskatai kawai, ba ta tambaye shi komi ba, tak koma ga dakanta.

Ya ci gaba da kasuwatai, Allah kuwa ya buɗa mishi. Har yaz zamo in mutum na son talabijin a Illela wurinai shike zuwa, don ba shi bari a ɗauka sai an kunna an ji Sakkwato an ji Ƙwanni, mai saye na tsaye. Gaisuwar suruki ma bai fasa ba, kuma Alhaji bai taɓa canza mishi fuska ba. Akwatin na nan cikin zaure ana kallo kullum da yamma.

Bayan an buɗe iyaka, gab da babbar salla, wata Laraba Hamidu na kasuwar dabbobi ta Ƙwanni. Ba rumfar da ba a san shi ba nan wurin, dillalai na kiran sunanai ta ko'ina. Sai yah hango wani masinja na ofishin su Alhaji, mutumin da ko hanyar kasuwar bai sani ba, ya riƙo igiyar wani farin rago shina waige-waige. Wani dillali yat taɓa Hamidu yac ce, "Ba surukinka ne Alhaji Junaidu ba? Ga ɗan aikenai can, shi ya aiko a saya mishi ragon layya. Ƙaƙa kana nan a aiko baƙo?"

Hamidu yad dubi ragon, yad dubi masinjan. Bakinai yam motsa, dillalin na jiran amsa. Wannan karon ba abin da yaf fito. Yaj ja rawani yar rufe hanci, yab bi ta bayan raƙuma yaf fita kasuwar. Ranar nan bai sayi komi ba, babur wayam yak komo Illela.